Kwamfutar Da Ta Ƙi Sunan Kubura

Jama'a, assalamu alaikum. Ni ne dai Arzika mai tafireta na bakin tashar Bagudo. Na san filin labaran soyayya irin wannan na 'yan mata ne, masu jiƙa filo da hawaye don Baba ya ce a'a. Ni ba ni da Baba, shekaruna arba'in da tara, sanƙona ya gangara har ƙeya. Amma ni ma ina da wadda nake so, ina kuma da mai hana ni, don haka ku matsa min in zauna.

Ga wanda bai san inda muka kwana ba. Shekarar da Najeriya ta cika hamsin ce. Matata Sabuwa, Allah ya jiƙanta, ta shekara shida da rasuwa, ni kuma na shekara shida ina cin tuwon yayata Dela, wadda ta goya ni bayan rasuwar Innarmu kuma har yau ba ta yarda ta sauke ni ba. Da tafiretata ta fara cinye haruffa, sai na tafi kasuwar Lolo neman kwamfuta. Can na haɗu da Kubura. Bazawara ce, a Kandi ta ƙasar Benin ta tashi, a Paraku ta koyi gyaran waya da kwamfuta wurin mijinta marigayi. Ita ta zaɓa min wata 'yar Kwatano, irin mai kwanciya da ake ɗora allo a kanta, ta nuna min inda ake kunnawa. Na koma Lolo sau tara ina tambayar inda ake kashewa. A na goma ta ce, "Malam, in aurena kake so ka faɗa. Hanyar nan ba kyau, kada ka ƙarasa bayanka a banza."

Na faɗa. Kawunta ya sa rana, Juma'ar da ke bin bikin 'yancin kai.

Yaya Dela ba ta taɓa kiran sunanta ba. "'Yar Faransa" take ce mata, yadda tsofaffinmu ke kiran duk wanda ya fito ƙetaren iyaka.

"Macen da ke zama cikin maza tana kwance ƙarfe?" ta ce da ni. "An yi min istihara, an ga duhu. Ga Jummai can Zagga, jininmu ce, ta iya tuwo, ba ta da baki."

"Yaya, ni bakin nake so."

"Ai na sani. Ta shanye ka. Ta cikin akwatin nan ta bi."

Na yi dariya a lokacin. Ku riƙe dariyar, za a tambaye ni ita.

Ranar Asabar, washegarin bikin, na buɗe shago da farar safiya. Na sa jamfata ta shadda ruwan toka kamar mai zuwa zance, na ta da janareta, na goge tabarau, na zauna zan tsara katin ɗaurin aurena. Katin mutane nawa na buga a garin nan? Yau nawa ne.

Dole in gaya muku yadda nake aiki. Shekara ashirin da shida na yi a kan tafireta, kuma a tafireta ba a sanin wani abu wai shi adanawa a tsakiyar aiki. Ka fara daga sama, ka sauka ƙasa, ka zare takarda. Haka nake yi wa kwamfuta. Ga shi madannanta na Faransawa ne, haruffan sun yi ƙaura daga inda yatsuna suka san su, sai in riƙa farautarsu da yatsa biyu kamar kaza a kan tsaba.

Na rubuta Bisimilla. Na rubuta iyalan marigayi Malam Ma'azu Bagudo da na marigayi Alhaji Yero Lolo na farin cikin gayyatar. Na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, na tsaya na ɗan kalle shi. Na sauko layin amarya. Na danna K, na danna U.

Ɗif. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai fuskata a ciki, baki buɗe.

Na leƙa waje, janareta na ta rurinsa. Na jira ta huta, na sake kunnawa, na sake farawa daga Bisimilla. Wannan karon ko sunana ban kai ba.

Maƙwabcina Ɗanmusa, makanikin janareta, ya shigo yana goge hannu a wando. Ɗanmusa mutumin kirki ne, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana, kamar kwando da ruwa.

"Ango, mi ya hwaru?"

"Ɗaukewa take yi."

"Wuta ce. Ai na gaya maka injin wanga shina son sabis."

Ya canza wa janareta baƙin mai da fulogi. Ta ɗauke. Ya aro min sitabilaiza wurin mai shagon magani. Ta ɗauke. Na zare wayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, na hura su, na mayar. Ɗanmusa ya ce a ɗan mare ta a gefe, haka yake yi wa rediyonsa. Na mare ta, Allah ya yafe min. Ta ɗauke.

Ran Lahadi na zo da agogo, na ce bari a yi abin da ilimi. Da sanyin safiya minti bakwai take yi, daidai in kai layin amarya. Da hantsi minti biyar. Da rana tsaka kuwa ko uku ba ta cikawa.

Ɗanmusa ya dubi takardar da na rubuta, ya ja da baya.

"Malam, ka ga abin da na gani? Rana tsaka ta fi ƙarfi."

"To?"

"To su wa ke yawo rana tsaka? Ni dai ban kira suna ba." Ya tofa addu'a a ƙirjinsa. "Kuma ka ce kullum a sunan amarya take tsayawa."

"Da safe kawai."

"Ai da safen ma ya isa."

Kafin la'asar, mai shayi ya sani, direbobin tasha sun sani. Motar farko da ta nufi iyaka, da labarin ta tafi. Wai kwamfutar Arzika ta rubuta sunan kowa, da ta zo kan na amarya sai ta rufe ido.

Yaya Dela ta kawo min abincin rana kamar kullum. Tana sanye da atamfar bikin nan da aka raba wa ƙungiyar matansu, kore da fari, da taswirar ƙasa da lamba hamsin a jiki. Ɗinki ɗaya ta yi, riga da zani da kallabi, tun ranar Juma'a ba ta cire ba. Ta ajiye kwano, ta dubi baƙin allon, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda gaskiyarsa ta fito.

"Ƙarfe ma ya gani, Arzika. Ƙarfe, da ba shi da uwa ba shi da uba. Kai ne dai ba ka gani."

To ga inda zan faɗi abin kunyata. Akwai mutum ɗaya a duk ƙasar nan da ta san cikin kwamfutar, lambarta na cikin wayata, na ajiye ta da sunan "Injiniya" don kada Yaya ta gane. Ban kira ta ba. Na gaya wa kaina wai ba na son ta ga gazawata. Ƙarya ne. Tsoro nake ji. Ni da na buga takardun kotu da na asibiti, ni da nake gyara wa malaman makaranta Turanci, na zauna ina tunanin ko dai akwai wani abu. Ta turo min saƙo ran Asabar, "Malam ya aikin kati?" Na amsa, "Ana kai." Ta turo ran Lahadi, "Kawu na tambayar katin da zai raba a masallaci." Na amsa, "Insha Allah."

Ran Litinin bayan la'asar waya ta yi ƙara a aljihuna. Saƙon Kubura ne.

"An ce kwamfutarka ta ƙi ni. Kai fa?"

Na rubuta amsa sau huɗu ina gogewa. Ina cikin na biyar wani saƙon nata ya shigo.

"Bar shi. Gobe da hantsi ina nan. Kada ka taɓa ta, kada Ɗanmusa ya taɓa ta."

Ta zo. Ta ƙetaro kogin Kwara a bayan ɗan kabu-kabu, ta sauka a ƙofar shagona mutanen tasha na kallo. Atamfa 'yar Kwatano ce a jikinta, ruwan makuba mai zanen makullai, gyalenta fari ta yafa a kafaɗa, jan lalle a yatsunta, jakar kayan aiki a hammata. Ta gaida mai shayi, ta gaida Ɗanmusa da sunansa har ya rasa inda zai sa hannunsa. Ni kuwa ko kallo ban samu ba.

"Ina kwana, Kubura."

"Lafiya. Kunna ta."

Na kunna. Ta ɗaure gyalen a ƙugu, ta ja kujerata ta zauna.

"Minti nawa take yi?"

Na miƙa mata takardar agogona. Ta karanta, ta ɗaga gira.

"Safe bakwai, rana uku. Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Ka yi aiki mai kyau. Da ka karanta abin da ka rubuta, da ban sha hanya ba. Me ke ƙaruwa tsakanin safe da rana, Malam?"

Ɗanmusa ya ce daga ƙofa, "Mutanen ɓoye."

"Zafi, Ɗanmusa. Zafi. In ka cire wa janareta fanka, minti nawa zai yi?"

Ɗanmusa ya waiwaya ya dubi janareta. A fuskarsa na ga makaniki ya farka, ya kori boka.

Ta ce a yi shiru. Ta kara kunnenta a jikin akwatin, ta kai tafin hannunta bayansa.

"Ba iska. Da ka kan ji tana huci?"

"Ina ji."

"Tun yaushe ta daina?"

Ban sani ba. Janareta na ruri, zuciyata na ruri, wa ya saurari hucin kwamfuta?

"Kuma me ya sa kullum a sunana?"

Na yi mata bayanin yadda nake farawa daga Bisimilla kowane karo.

"Wato kwana uku kana rubuta abu ɗaya, ba ka taɓa adanawa ba."

"Ba a gama ba ai."

"Allah ya ba ni haƙuri," ta ce, ba da ni take ba.

Kafin ta ƙara magana, allon ya ɗauke. Ta zare wayar wuta, ta sauke allon ƙasa, ta taɓa saman akwatin ta janye hannu. Ta fito da sukundireba ta kwance noti huɗu, ta jera su a murfin kwanon abincina. Ƙofar shago ta cika da kawuna. Ta zame murfin.

Wani wari ya taso, kamar an manta tsumma a bakin murhu. Ta sunkuya, ta sa ɗan hantsaki, ta fara warware wani baƙin zare da ya nannaɗe fankar har ta kasa motsi. Tana ja, zare na zuwa. A ƙarshensa sai ga wani ɗan ƙulli kamar ɗan yatsa, ya maƙale tsakanin fanka da ƙarfen da take fifitawa.

Laya ce. An naɗe ta da ƙyalle kore da fari. A gefen ƙyallen ana ganin rabin lamba biyar.

Duk tashar nan ba wanda bai san mai wannan atamfa ba. Na tuna ranar Juma'a da na tafi masallaci na bar Yaya tana jiran shago. Kubura ta nuna min wata 'yar kafa a bayan akwatin, inda marfi ya ɓace tun daga Kwatano.

"Ta nan aka tura. Fanka ta kama bakin zaren ta janyo sauran."

Ba ta buɗe layar ba. Ta ajiye ta a kan farar takarda, ta ɗiga wa fankar man keken ɗinki, ta juya ta da yatsa, ta mayar da wuta. Fanka ta ɗauka, fuuu, har takardun tebur suka motsa.

Daidai nan jama'ar da ke ƙofa suka dare. Yaya Dela ce da kwanon abinci, cikin kore da fari.

Ta ga akwati a buɗe. Ta ga abin da ke kan takarda. Wallahi ko gezau ba ta yi ba.

Kubura ta kwance gyalenta ta rufe kai, ta ɗauki takardar da hannu biyu, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Yaya. Ga ajiyarki. Ban buɗe ba."

"Ni na sa," Yaya ta ce, da ƙarfi don na waje su ji. "Tsari ne na nema wa ƙanena. Ban ce ta kashe mishi inji ba, wannan aikin zare ne. Amma ni na sa, kuma gobe ma sai in sake."

"Yaya," na ce.

"Rufe min baki! Maliki ma haka ya ce min, Yaya. Ya bi mace Paraku, wata biyu zai yi. Shekara goma sha ɗaya, sai hularsa aka kawo min a leda. Ko kabarinsa ban sani ba. Ku biyu Inna ta bar min. In zauna ina kallo a ƙetare da na biyun?"

Maliki wana ne, shi nake bi. Ba a ambatonsa a gidanmu. Na ji tsohon Arzika na shirin cewa to Yaya, a bari a ƙara shawara.

Kubura ta miƙe. Ba ta dubi Yaya ba, ni ta duba.

"Yaya ba ta ɓoye nata ba, na gode mata. Kai nake tambaya, Malam. Kwana uku ana yawo da sunana a motocin haya, kana turo min insha Allah. Ka yarda da su ko ba ka yarda ba?"

Jama'a, da na iya ƙarya a gabanta da na yi.

"Na ɗan yarda," na ce. "Kamar na kwana ɗaya da rabi."

Wani ya tuntsire da dariya a waje. Ita ba ta yi ba. Ta fara mayar da kayanta jaka.

"Fanka na gyara. Sauran ba aikina ba ne. In ka gama shawara, ka san hanyar Lolo, sau goma ka bi ta."

Ban san lokacin da na zauna a kujerar ba. Akwatin na buɗe, hanjinsa a waje, na ɗora allo a kan tebur, na jawo madannai. Na rubuta Bisimilla. Haruffan Faransawa na gudu ina bin su. Iyalan marigayi. Na farin cikin gayyatar. Shagon ya yi tsit, sai ƙwas, ƙwas. Ɗanmusa ya tsaya a kaina yana kallon agogo.

"Minti bakwai," ya sanar wa jama'a. "Takwas. Tana nan da rai!"

Na rubuta KUBURA, na ƙara masa girma har ya fi nawa. Daga bayana na ji Kubura ta ce a hankali, "Adana." Na adana. Firinta ta yi kakarinta ta turo kati na farko da ɗuminsa.

Na tashi na kai wa Yaya, na durƙusa yadda na saba tun ina yaro, gwiwoyina suna ƙara.

"Yaya, ke kika goya ni, ke za ki fara karɓa. Ba Paraku za ni ba, Lolo za ni in ɗauko ta in kawo ta nan, bayan gidanki. Amma zan je. Ko kin sa albarka ko kin riƙe abarki, ran Juma'a zan je."

Shekara arba'in da tara, ban taɓa haɗa mata jimla mai tsawon wannan ba.

Ta dubi katin, ba ta karɓa ba.

"To ka je. Sai in ga wanda zai karɓa maka auren. Baffa Sambo ba ya taka ƙafa sai na ce, ka sani. Duk gidan Malam Ma'azu ba namijin da zai bi ka. Ka je ka zauna gaban mutanen Lolo kai kaɗai kamar wanda ya faɗo daga mota."

Gaskiya ta faɗa. Baffanmu Sambo ya kusa tamanin, kuma tsoron Yaya yake ji fiye da ni. Na waiwaya. Idona ya sauka kan mutumin da ya watsa ni a gari, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Ɗanmusa, kana da babbar riga?"

"Ni? Akwai guda, ta Sallah."

"A wanke ta. Ran Juma'a kai ne ubana."

"Malam, na girme ka da wata huɗu kawai hwa."

"Sun isa."

Ya dubi Yaya, ya dubi Kubura. Sai ya gyara tsayuwa, ya ce, "To ɗana, Allah shi yi maka albarka." Tasha ta kwashe da ihu.

Yaya Dela ta dangwarar da kwanon abinci a tebur. Ta fizge katin daga hannuna, na runtse ido ina jiran ƙarar yagewa. Ban ji ba. Ta ninke shi biyu, ta haɗa da layarta, ta ƙulle a bakin zani. Ta nufi ƙofa, mutane suka ba ta hanya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ke, Kubura."

Yau ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta.

"Na'am, Yaya."

"Gobe da hantsi ki same ni gida. Ke kaɗai."

"Zan zo, Yaya."

Na ce, "Ni ma sai in rako ta, in tsaya a zaure."

Su biyun suka juyo a tare, murya ɗaya.

"Wa ya sa da kai?"